Gerry Faust: Daga Filin Sakandare Zuwa Filin Jami'a

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na reshe



An nemi in yi magana a kan malami da horar da ɗalibai wasanni. Maimakon in tsaya ina jero ƙa'idoji, na ga ya fi amfani in kawo muku tarihin aikin mutum guda, wani Ba'amurke mai suna Gerry Faust, wanda ya shafe shekara ashirin yana horar da yaran sakandare ƙwallo har ya zama ba shi da na biyu a ƙasarsu, sannan aka ɗauke shi kai tsaye aka ɗora a kan kujera mafi tsada a wasannin jami'o'in Amurka, abin kuma bai yi kyau ba. Yawancin masu ba da labarinsa sukan kammala da cewa ai dama malamin sakandare ne, da ya je inda manya suke sai asirinsa ya tonu. Ni ban yarda da wannan fassara ba, kuma dalilan rashin yardar tawa su ne abin da nake so mu duba tare.

Da farko sai na yi ɗan bayani, domin ƙwallon da ake magana ba irin tamu ba ce. Abin da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa wasa ne da ake yi galibi da hannu, da wata ƙwallo mai siffar ƙwai. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare, sanye da hular kwano da kayan kare jiki, saboda wasa ne na karo da kayarwa. Ana bai wa masu riƙe da ƙwallo dama huɗu su ci gaba da yadi goma. In sun cika a sabunta musu damar, in sun gaza ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ita ƙarshen fili ya sami maki shida. Bayan kowane yunƙuri wasa yakan tsaya, a sake shiri, a zaɓi dabarar da za a yi amfani da ita a yunƙuri na gaba. Wannan tsayawa ita ce ta sa mai horarwa yake da tasiri a wannan wasa fiye da a ƙwallon da muka sani, domin kusan kowane motsi da shawararsa ake yi. Kakar wasan kuma gajera ce, a wancan zamani wasa goma ne ko goma sha ɗaya a shekara, saboda haka kowane kaye yana da nauyi.

A Amurka makarantu ne ke renon wannan wasa. Daren Juma'a na 'yan sakandare ne, Asabar ta jami'o'i. A jiha irin Ohayo, gari yakan tashi kacokan ya tafi kallon yaran sakandarensa, kuma ana sanin sunan mai horar da su kamar yadda ake sanin sunan magajin gari.

A wannan jiha aka haifi Faust, a birnin Dayton, ranar 21 ga Mayu, 1935. Gado ya yi, domin mahaifinsa, wanda aka fi sani da laƙabin Fuzzy, shi ne mai horar da ƙungiyar sakandaren Chaminade a garin, kuma a hannunsa ɗan ya koyi wasa. Daga nan ya shiga Jami'ar Dayton, ya buga mata a matsayin jagoran kai hari, wato wanda ke karɓar ƙwallo ya rarraba ta, ya kammala a 1958. Ɗan ɗarikar Katolika ne mai riƙo da addininsa ƙwarai, kuma tun yana yaro zuciyarsa na kan Jami'ar Notre Dame, wadda ita ce abin alfaharin Katolikan Amurka a fagen ƙwallo. Ku riƙe wannan, domin zai dawo.

A 1960 aka buɗe wata sabuwar sakandaren maza ta Katolika a Sinsinati mai suna Moeller, aka ɗauki Faust ya kafa mata ƙungiya. Babu tarihi, babu tsofaffin ɗalibai masu tallafi, babu wanda ke shakkar sunanta. Abin da ya yi a wurin, alƙaluma kaɗai sun isa shaida. Daga 1962 zuwa 1980 ƙungiyarsa ta ci wasa 178, aka cinye ta 23, aka yi kunnen doki 2. Kaka bakwai ya kammala ba a doke shi ko sau ɗaya ba. A shekaru shida na ƙarshe ya ɗauki kofin jihar Ohayo sau biyar: 1975, 1976, 1977, 1979 da 1980. Babu gasar ƙasa baki ɗaya ta 'yan sakandare a Amurka, amma masu tantance ƙungiyoyi sun ayyana Moeller a matsayin zakarar ƙasa har sau huɗu. Yaransa da yawa sun sami gurbin karatu kyauta a jami'o'i albarkacin wasa, ciki har da Bob Crable da Tony Hunter da suka tafi Notre Dame suka yi suna. Wani daga cikin waɗanda suka buga masa, John Boehner, siyasa ya shiga, har ya zama kakakin majalisar wakilan Amurka daga 2011 zuwa 2015.

Duk wanda ya taɓa karɓar sabuwar makaranta daga tushe ya san abin da waɗannan alƙaluma ke ɓoyewa. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu ne ake kawo maka, bai san damansa da hagunsa a fili ba, wani ma tsoron karo yake yi. Kai za ka koya masa tsayuwa, ka koya masa faɗuwa ba tare da ya ji rauni ba, ka bi shi a kan karatunsa, ka san iyayensa, ka san ranar da ya zo da yunwa ko da ɓacin rai daga gida. Bayan shekara huɗu, daidai lokacin da ya nuna, sai ya tafi, a kawo maka wani ɗanye. Faust ya maimaita wannan zagaye kusan sau ashirin ba tare da ƙungiyar ta yi ƙasa ba.

A ƙarshen 1980 Dan Devine, wanda ya ci wa Notre Dame kofin ƙasa a 1977, ya ajiye aiki. Wannan jami'a da ke jihar Indiyana ta saba da manya: Knute Rockne, Frank Leahy da Ara Parseghian duk sun kawo mata kofin ƙasa, magoya bayanta kuwa suna ko'ina a Amurka, har da waɗanda ba su taɓa taka harabarta ba. Shugabanta a lokacin shi ne Fada Theodore Hesburgh, mataimakinsa mai kula da harkar wasanni kuma Fada Edmund Joyce. A watan Nuwamba suka sanar da cewa sun ɗauki malamin Moeller, da yarjejeniyar shekara biyar. Jaridu suka raɗa wa abin suna gwaji na ƙarfin hali. Faust yana da shekara arba'in da biyar, kuma bai taɓa yin aikin horarwa a jami'a ba ko na yini ɗaya, ko da a matsayin mataimaki.

Farkon abin kamar mafarki. A wasansa na farko a 1981 ya doke Jami'ar Jihar Luwiziyana da ci 27 da 9, aka ɗaga Notre Dame zuwa matsayi na ɗaya a ƙasa. Mako guda kacal ya yi a saman. Asabar mai zuwa Mishigan ta lallasa shi 25 da 7, kuma ya ƙare shekarar da nasara biyar da kaye shida, karo na farko tun 1963 da jami'ar ta kammala kaka kayenta ya rinjayi nasararta. Shekarun da suka biyo baya sun zo da ranakun farin ciki jefi-jefi. A 1982 ya je har gida ya kayar da Pittsburgh, wadda ke matsayi na ɗaya kuma take da Dan Marino, da ci 31 da 16. A 1983 ya ci wasan ƙarshen kaka na Liberty Bowl a kan Kwalejin Boston da tazarar maki ɗaya, 19 da 18. Amma ba a taɓa samun ɗorewa ba. Yau a doke babba, gobe ƙarami ya yi musu kaca-kaca. Makarantar horar da mayaƙan sama, wadda ba ta kai su girman jiki ko suna ba, ta doke su shekara huɗu a jere, daga 1982 zuwa 1985. A 1984 sun sha kaye uku a jere a filinsu, 'yan kallonsu na yi musu ihu. Aka fara ganin takardu manne a bayan motoci masu kiran a tsige shi. Jimillar shekarunsa biyar: nasara 30, kaye 26, kunnen doki 1. Wato a shekara biyar ya sha kayen da ya zarce wanda ya sha a shekara goma sha tara a Moeller.

To, me ya faru? Mutumin bai manta wasan ba tsakanin Disamba da Satumba. Ƙwazonsa bai ragu ba, hasali ma duk waɗanda suka yi aiki da shi sun shaide shi da aiki tuƙuru da kirki. Abin da ya sauya shi ne aikin kansa, ko da yake sunansa bai sauya ba.

A Moeller, Faust shi ke ƙera ɗan wasa. Makarantar tana jan yara daga sassa daban-daban na birni, yana da su da yawa, ya tsara su tun daga ajin farko a kan salo guda, kafin su kai ajin ƙarshe sun haddace shi. Idan ya shiga fili, sau da yawa ya riga ya ci wasan tun a shekarun shiri, domin abokin karawarsa bai da yawan yaransa, bai da tsarinsa. A jami'a wannan rata babu ita. Mishigan da Kudancin Kalifoniya da Penn State duk suna da zaratan da suka kai nasa, suna da masu horarwa da ba su da wani aiki sai nazarin hotunan wasanninsa dare da rana. A irin wannan fage, abin da ke raba gardama ƙanana ne: wace dabara za a kira a daƙiƙa kaza, yaushe za a tsayar da agogo, me za a gyara a hutun rabin lokaci bayan an ga abin da abokin hamayya ya zo da shi. Waɗannan abubuwa ana koyon su ne a zaune kusa da wanda ya iya, shekara da shekaru. Faust bai sami wannan zama ba, a gaban mutum kusan dubu sittin da kyamarorin talabijin ya yi koyonsa.

Sai kuma batun waɗanda yake horarwa. Yaro ɗan shekara goma sha shida, in malamin da yake ƙauna ya ɗaga murya ya ce masa ya tashi ya kare sunan makaranta, zai shiga wuta. Faust gwani ne a wannan. Muryarsa a dishe take saboda ihu, yana kai-komo a gefen fili, yana umartar yara su yi addu'a idan wasa ya yi zafi. Da ya je Notre Dame ya tafi da wannan hali gaba ɗayansa. Amma saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, wanda ke lissafin ko zai sami shiga wasan ƙwararru ya ci abinci, ba zuga yake nema ba. So yake a gaya masa dalilin da ya sa aka sauya masa wuri, da abin da za a yi in dabarar farko ta ƙi. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mu da muke koyarwa mun san haka tun a cikin makaranta guda: muryar da ke tafiyar da 'yan aji ɗaya, in ka shiga da ita ajin ƙarshe, kallonka kawai za su yi.

Akwai kuma shugabancin manya. A sakandare mataimakansa mutanensa ne, shi ya rene su. A jami'a ya zama shugaban mutanen da wasunsu sun fi shi sanin wasan jami'a nesa ba kusa ba, ga kuma waɗanda ya taho da su daga Moeller saboda amana. Haɗa waɗannan biyu su zama baki ɗaya sana'a ce mai zaman kanta, kuma an yi ta sauye-sauyen mataimaka da na salon wasa a shekarunsa, abin da ya hana 'yan wasa su zauna a kan tsari guda.

Wani zai ce, ashe ke nan malamin sakandare ba zai iya jami'a ba. Tarihin jihar Ohayo ɗin kanta ya ƙaryata wannan. Paul Brown ya horar da sakandaren garin Massillon daga 1932 zuwa 1940, ya ci wasa 80, aka cinye shi 8, kunnen doki 2. A 1941 Jami'ar Jihar Ohayo ta ɗauke shi kai tsaye, a 1942 ya ba ta kofin ƙasa na farko a tarihinta. Gaskiya ne cewa a zamanin Brown tazarar da ke tsakanin matakan biyu ba ta kai ta 1981 ba. Amma akwai wani bambanci da ya fi wannan muhimmanci a wurina. Ƙarfin Brown a tsari yake. Ya mai da ƙwallo darasin aji, ya rubuta dabaru a littafi ya raba wa 'yan wasa, yana yi musu jarrabawa a kai. Irin wannan kaya ana iya naɗe shi a tafi da shi ko'ina, shi ya sa ya yi masa aiki a sakandare, ya yi a jami'a, ya kuma yi a wasan ƙwararru a Cleveland. Ƙarfin Faust kuwa a dangantaka yake, wato sanin yaro da gidansu, da amincin da aka gina a unguwa guda cikin shekara ashirin. Wannan ba ya shiga akwati. Ba na cewa ɗaya ya fi ɗaya daraja. In ɗana ne ɗan shekara goma sha biyar, ban tabbata ba zan zaɓa masa Faust a kan Brown ba. Kowa dai da kiwon da ya karɓe shi.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Mun saba ganin an ɗauki malamin da ya fi kowa iya aji an saka masa da kujerar ofis, ko shugabancin makaranta, ba tare da an ba shi horon ko mako guda a kan sabon aikin ba. Aji ya yi asarar gwani, ofis bai sami gwani ba, in abin ya lalace kuma a ce dama bai cancanta ba. Shi ma malamin ba ya iya ƙi, domin ba a buɗe masa wata hanyar ci gaba ba sai wadda za ta fitar da shi daga inda ya ƙware. Laifin abin da ya faru a Notre Dame, a ganina, kaso mafi girma na waɗanda suka yi naɗin ne. Sun ga alƙaluma, sun ga mutum mai addini da ke son jami'arsu kamar ransa, sai suka ɗauki ƙauna a matsayin shiri. Da sun so shi da alheri, da sun kawo shi mataimaki na shekara biyu ko uku tukuna. Ko Terry Brennan, wanda jami'ar ta ɗauko daga wata sakandare a Chicago a shekarun 1950, sai da ya yi shekara guda yana horar da sababbin ɗalibai a ƙarƙashin Leahy kafin a miƙa masa ragama a 1954.

Sai dai dole a yaba wa shugabannin jami'ar a kan abu guda. Duk da matsin lambar tsofaffin ɗalibai da jaridu, sun ce shekara biyar suka yi alkawari, kuma shekara biyar za su cika. Ba su kore shi ba. Shi da kansa ne, a ƙarshen Nuwamba 1985, ya sanar da ajiye aiki, saura wasa guda a kakar. Wannan wasa na ƙarshe da Jami'ar Miami aka yi shi, ƙarƙashin Jimmy Johnson, aka tashi 58 da 7. Miami ba ta sassauta ba har ƙarshe, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a lokacin, ya kuma haifar da gaba mai zafi tsakanin makarantun biyu na tsawon shekaru. Faust bai fito ya zargi kowa ba, ko 'yan wasansa ko waɗanda suka ɗauke shi.

Lou Holtz ne ya gaje shi, mutumin da ya riga ya shugabanci ƙungiyoyin jami'o'i da dama. A 1988 ya ci kofin ƙasa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da yawa daga manyan 'yan wasan wannan ƙungiya Faust ne ya je gidajensu ya shawo kan iyayensu suka zo. Tim Brown, wanda ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 1987, shi ma ɗaukar Faust ne. Wato ɓangaren aikin da ya yi kama da na sakandare, zama a falo da uwa da uba a yi maganar makomar yaro, wannan bai taɓa kuɓuce masa ba.

Daga Notre Dame ya koma Ohayo, Jami'ar Akron ta ɗauke shi a 1986. A nan ma akwai abin lura, domin don a ba shi wuri sai da aka janye Jim Dennison, wanda ya yi shekara goma sha uku yana riƙe da ƙungiyar kuma bai gaza ba, aka mai da shi ofis. Jami'ar tana son hawa rukunin manya ne, ta ga babban suna zai taimaka, mutanen gari da yawa kuwa ba su ji daɗin yadda aka yi ba. Faust ya yi kaka tara a Akron, ya ci 43, aka cinye shi 53, kunnen doki 3. Mafi kyawun shekarunsa su ne 1986 da 1992, inda ya ci wasa bakwai-bakwai. Bayan kakar 1994, wadda ya ci wasa ɗaya tak cikin goma sha ɗaya, aka sauke shi, ya ci gaba da yi wa jami'ar aikin neman tallafi har ya yi ritaya.

Bai daina zuwa Notre Dame ba. Shekara da shekaru ana ganinsa a harabar ranar wasa, yana gaisawa da mutane, ciki har da waɗanda a da suka manna takardar a tsige shi. Ya rubuta tarihin rayuwarsa a wani littafi mai suna The Golden Dream, ya kuma riƙa yawo makarantu da majami'u yana yi wa matasa jawabi. Ya rasu ranar 11 ga Nuwamba, 2024, yana da shekara tamanin da tara. Filin wasannin makarantar Moeller a Sinsinati sunansa yake ɗauke da shi.